Tsohuwar Aska a Gindin Zabira: Yadda Ake Gane Asalinta da Shekarunta

Wanda ya zauna gaban wanzami a ƙasar Mayo-Rey ta Kamaru a yau, galibi abin da zai fara gani shi ne ana ɓare sabuwar reza a kan idonsa. A karya ta biyu tun tana cikin takarda, a zura rabi cikin ƙota mai naɗewa, a jiƙa kai, a kama aiki, in an gama a yar. Haka ake yi a Collire, babban garin wannan yanki da ake rubutawa Tcholliré a taswira, haka ake yi a Garwa mai tazarar kimanin kilomita 200 daga nan, haka kuma a Yola da Kano. Masu zuwa aski ma sun koyi tambaya kafin su sunkuyar da kai: “Malam, sabuwa ce?”

Amma idan wanzamin ɗan gado ne, zabirar da ke kafaɗarsa kuma ta mahaifinsa ce, akwai abin da kan kwanta can ƙasa, ƙarƙashin ƙaho da 'yar tsaga da almakashi. Tsohuwar aska ce da aka daina taɓa kan mutane da ita. Wata ƙirar maƙerin gida ce, ƙarfe ɗaya tun daga baki har mariƙi. Wata kuma ta Turai ce, mai naɗewa cikin ƙota, da ƙananan haruffa a wuyanta waɗanda tsatsa ta fara ci. Ka tambayi shekarunta, amsar ba ta wuce “tun zamanin Jamus” ko “tun kakanni”. Wani lokaci an dace, wani lokaci kuma an kauce da shekara hamsin. Abin da ke ci mini rai shi ne askar nan na ɗauke da shaidar shekarunta a jikinta, mu kuwa sai mu kai ta wurin mai injin washi ya goge shaidar cikin ƙiftawar ido, ko mu haɗa ta da ɓarɓashin ƙarafa mu auna wa 'yan gwangwan.

Askar Turai ta daɗe a hannun wanzamanmu fiye da yadda ake zato. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a farkon 1851, cikin kayan da ya lissafa a kasuwa akwai ruwan takubba daga Solingen ta Jamus da asake daga Styria ta ƙasar Ostiriya, duk raƙuma suka ratso Sahara da su daga Tarabulus. A watan Yuni na shekarar ya haye Binuwai a inda ta haɗu da kogin Faro, kan hanyarsa ta zuwa Yola. Fataken Hausawa sun riga shi sanin wannan hanya, su ne ke saukar da kayan koli a ƙasar Yola, wato Fombina, su koma da hauren giwa. Daga baya kogi ya karɓi aikin raƙumi: a ƙarshen ƙarni na 19 jiragen ruwan Kamfanin Neja na Ingilishi suka riƙa haurowa Binuwai da damina, idan ruwa ya cika, har Yola da Garwa. Jamusawa suka kama yankin a 1901, suka riƙe Garwa har watan Yuni na 1915 da sojojin Ingila da Faransa suka karɓe ta. Sai zamanin Faransawa da kantunansu. Daga Garwa 'yan koli ke rarraba kaya zuwa Rai Buba da Collire da sauran kasuwannin ƙauye. Saboda haka aska mai naɗewa da aka gada a wannan ƙasa, mafi yawa ɗaya ce cikin uku: ta Sheffield a Ingila, ta Solingen a Jamus, ko ta Thiers a Faransa.

Wanzami ya fi kowa sanin cewa tsagar fuska na faɗin asalin mutum tun bai buɗe baki ba. Haka tambarin da ke wuyan aska yake, wato ɗan siririn ƙarfen nan da ke tsakanin ruwan aska da ƙota, inda babban yatsa ke zama. A nan maƙeran Turai ke buga sunansu da alamarsu. Kafin a taɓa wurin da komai mai kaushi, a ɗiga masa man keken ɗinki, a bar shi ya kwana, a goge da tsumma, sannan a karkata shi ga hasken rana a duba. Tauraro da kuros mai fikafikai huɗu alamar Joseph Rodgers ce ta Sheffield. Hoton lofe, ko haruffan I*XL, na George Wostenholm ne. Sunan Wade & Butcher shi ma na Sheffield ne, kuma asakensu na cikin waɗanda masu tara kayan tarihi suka fi nema. Mutum biyu tagwaye a tsaye na Henckels ne a Solingen, bishiya ta Böker ce, kambi da takobi na gidan Ern ne. A na Faransa za a ga Thiers-Issard, ko Le Grelot mai hoton 'yar ƙararrawa.

Sunan maƙeri kaɗai na iya kafa iyaka. Kamfanin Dovo a 1906 aka kafa shi, Thiers-Issard a 1884, Ern a 1873. Aska mai sunan Dovo ba za ta taɓa zama wadda aka yi wa Buba Njidda, wanda ya kafa masarautar Rai, aski da ita ba, ko da duk dangi sun rantse a kan haka.

Sai kalmomin da ke biye da suna, kuma a nan ne hankali ke aiki. A wajajen 1740 wani mai gyaran agogo, Benjamin Huntsman, ya gano yadda ake narkar da ƙarfe a tukunyar yumɓu a Sheffield har ya fito sumul ba gauraye, shi ya sa tsofaffin asaken Ingila na ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 ke ɗauke da rubutun “Cast Steel”. Waɗansu kuma suna da kambi da haruffa biyu na sarkin zamanin: GR na nufin Sarki George, mafi yawa na huɗu da ya yi mulki daga 1820 zuwa 1830, WR na William na huɗu ne, 1830 zuwa 1837, VR kuwa Sarauniya Biktoriya ce, 1837 zuwa 1901. Wanda ya tsinci WR a zabirar kakansa ya tsinci abin da ya kusa cika shekara 200, kuma shekarun ƙirarsa ba su wuce bakwai ba.

Sunan ƙasa ma agogo ne. A 1887 Ingila ta yi dokar da ta sa kayan Jamus suka fara ɗaukar rubutun “Made in Germany”. A 1890 Amurka ta yi tata, wadda ake kira dokar McKinley, ta ce daga 1891 duk kayan da za su shiga ƙasarta sai an rubuta ƙasar da suka fito. Daga nan maƙeran Sheffield suka fara ƙara “England” a ƙarƙashin sunan garinsu. Saboda haka aska mai “Sheffield, England” kusan tabbas ta bayan 1890 ce. Amma kada a juya maganar a ce duk wadda ba ta da “England” ta girmi 1891. Dokar ta kasuwar Amurka ce, kayan da aka ƙera don Legas ko Lokoja ko Garwa ba dole ba ne su bi ta. A na Jamus, haruffan D.R.G.M. alamar rajista ce da aka fara a 1891, ta ci gaba har bayan Yaƙin Duniya na Biyu kaɗan. “West Germany” ko “W. Germany” kuwa ba ta yiwuwa sai tsakanin 1949 da 1990, lokacin da ƙasar ke rabe biyu. In aka ga “Inox” ko “Rostfrei” ko “Stainless”, to ƙarfe ne marar tsatsa, wanda sai a 1913 Harry Brearley ya samar da shi a Sheffield, kuma ya ɗauki shekaru da dama kafin a amince da shi a aska.

Nan ne maganar “tun zamanin Jamus” ke yawan faɗuwa. Jamusawa shekara 14 kawai suka yi a Garwa, Solingen kuwa ta ci gaba da tura asake Afirka shekaru masu yawa bayan tafiyarsu, ta kantunan Faransawa da Ingilishi da hannun alhazai masu dawowa daga Makka ta Sudan. Askar Jamus a Collire ta fi yiwuwa ta zamanin Faransa ce ko ta zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo. Wannan bai rage mata komai ba. A kuma yi hattara da sababbin asake masu arha da ake buga wa sunan Solingen na jabu. Sunan garin yana da kariyar doka a Jamus tun 1938, amma dokar ba ta hana 'yan damfara buga shi a kan ƙarfen da ba ya riƙe kaifi.

Idan tsatsa ta cinye rubutu, siffa ba ta ɓuya. A dubi aska ta goshi. Ta dā mai kauri ce da nauyi, gefenta ya taho a miƙe daga gadon baya zuwa baki, wutsiyarta kuma, wato ɗan ƙarfen da ke leƙowa bayan ƙusa, gajera ce ƙwarai. Tun daga tsakiyar ƙarni na 19 aka riƙa rarake gefen aska da dutsen injin, har zuwa ƙarshen ƙarnin Jamusawa suka ƙware a fitar da ita siririya, mai lanƙwasa kaɗan idan an danna bakinta a kan farce, mai ƙara idan tana cin gashi. Wutsiya ta ƙara tsawo ta lanƙwashe don ɗan ƙaramin yatsa ya samu wurin zama. Faɗin ruwa da kashi takwas na inci ake auna shi, 5/8 da 6/8 su ne gama-gari. Idan gadon baya ya yi faffaɗan sheƙi gefe da gefe, bakin kuma ya cinye har ya yi ciki, to ta sha washi a hannun mutum fiye da ɗaya.

Ƙota ita ce mai saurin ruɗa mutum, domin ana sauya ta. Ƙaho yana da sawu-sawu, haske na ɗan ratsa shi, ƙwari kuma na cinsa. Ƙashi yana da ƙananan ɗigo baƙaƙe. Akwai wata tsohuwar roba, seluloyid, da ta bazu tun daga shekarun 1870, wadda ake kwaikwayon haure da ita. In an goga ta da yatsa ta yi ɗumi sai ta ba da ƙanshin kafur. Tana kama wuta nan da nan, kuma in ta fara ruɓewa tana fitar da iskar da ke cin ƙarfe. Alamar haka ita ce tsatsa ta bi daidai inda ruwan aska ke kwanciya cikin ƙota. Wadda ta fara haka a raba ta da sauran kaya. Shi kuwa haure na gaske, wanda ake ganewa da siraran layuka masu gilma juna, mutumin Mayo-Rey ba ya bukatar dogon bayani a kansa. A dajin Buba Njidda da ke maƙwabtaka ne mafarauta masu ɗauke da bindigogi suka hallaka ɗaruruwan giwaye a farkon 2012. An haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989. Aska mai ƙotar haure ta zauna a gida, kada a kai ta kasuwa, kada a tsallaka iyaka da ita.

Duk wannan na ta Turai ne, wadda aka yi wa littattafai. Askar maƙerin gida ba ta da tambari, kuma a ganina ita ta fi bukatar a tsaya mata, domin ba wanda zai zo daga waje ya rubuta tarihinta. Ƙasar nan ta maƙera ce. Mutanen Dii, waɗanda ake kira Duru, sun yi suna da narkar da tama da ƙira tun kafin Bature ya zo, maƙeran Hausawa kuma sun zauna a unguwanninsu a Garwa da sauran garuruwa. Ƙarfen da aka narkar a gida yakan nuna siraran jijiyoyi baƙaƙe a tsawonsa. Wanda aka ƙera daga tsohon magagari yakan bar burbushin haƙora kusa da mariƙi. Wanda aka yanko daga sifirin mota kuwa ba zai girmi zuwan mota ba. Sauran shaidar a bakin dattawa take, kuma tana tafiya tare da su. A tambayi tsohon gida wa ya ƙera ta, a wane gari, wane sarki ke kan gado. In ya ce zamanin Buba Jama'a ne na Rai, an san tsakanin 1901 da 1945 ke nan. In ya ce shekarar da aka tare ruwa a Lagdo, an san farkon shekarun 1980 ne. A rubuta a takarda, ko da ajami, a naɗe tare da askar. Sarakunan aska na garuruwanmu, da suke da ikon tara wanzamai, su ne ya kamata su fara wannan aiki.

To ana iya aski da ita? Ana iyawa, muddin ba ta tsage ba, kuma tsatsa ba ta yi rami a bakinta ba.  Amma a nisanta ta da injin washin kasuwa, domin zafinsa na kashe taurin ƙarfe, bakin da ya yi shuɗi kuwa ya mutu ke nan. Mawashi mai laushi ake nema, da ruwa. Turawa suna ji da wani dutse rawaya da ake haƙowa a yankin Vielsalm na Beljiyam, amma tsofaffin wanzamanmu sun yi aiki da duwatsun da suka zaɓo da hannunsu, sun kuma aske sarakuna. A kwantar da aska gaba ɗaya a kan dutse, gadon baya da baki duka suna taɓawa, a tura ta baki na gaba ba tare da dannawa ba, a juya ta kan gadon bayanta a dawo. Kaurin gadon bayan shi ke daidaita karkatar kaifin, wanda ya ɗaga shi ya ɓata aiki. A kan fata kuma akasin haka ake yi: gadon baya ke gaba, baki na bin sa. Dutse sai jefi-jefi, fata kuwa kafin kowane aski. In ta ɗauke gashin hannu ba tare da ta ja ba, ta yi.

Sauran sirrin na ruwa ne da haƙuri. A jiƙa gashi da ruwan ɗumi har ya yi laushi, a sa kumfar sabulu, a miƙar da fata da yatsun ɗaya hannun. Aska ta kwanta kusa da fata, kimanin digiri 30, ta bi inda gashi ya kwanta da gajeren ja. Abin da ke yanka mutum shi ne zame ta a tsawon bakinta, ko tsayar da ita a kan fata ana tunanin inda za a nufa. Mai koyo ya fara da kumatu, ya bar haɓa da ƙarƙashin hanci sai hannu ya faɗa. In an gama a wanke, a tsane ta sarai har cikin ƙota, a shafa mai. Damina a kwarin Binuwai na sa ƙarfe tsatsa cikin kwana kaɗan, hunturu kuma na busar da ƙotar ƙaho har ta tsage.

Amma fa a kan fuskar mutum ɗaya. Wannan ita ce maganar da ban yarda a sassauta ba. Wanzaman da suka koma reza mai yarwa ba su ci amanar sana'a ba, sun kare rayuka ne. Ƙwayar cutar hanta nau'in B na iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana bakwai ko fiye, ta fi ƙwayar ƙanjamau saurin kamu nesa ba kusa ba, kuma a Kamaru yankunan arewa na cikin inda ta fi yawa. Sai a 2005 aka sa rigakafinta cikin alluran yara a ƙasar, ke nan yawancin magidanta ba su samu ba. Goge aska da tsumma ko tsoma ta a ruwa ba ya kashe komai. Abubuwan da ke kashewa kuma su ne ke kashe askar: wuta na sauke taurinta, tafasa na lalata ƙota, ruwan jabel, wato bilic, na cin ƙarfen. Ba yadda za a yi tsohuwar aska ta zagaya kawuna goma a yini ta kuma zauna lafiya ita da su. Ballantana askin suna a kan jaririn kwana bakwai, ko kaciyar yara da sanyi, inda jini dole ne ya fita. Waɗannan sai sabon ƙarfe ga kowane yaro, komai albarkar da ake jin askar kaka na da ita.

Ga ɗan gadon da ke da irin wannan aska a zabira, a Collire yake ko a unguwar Hausawa ta Garwa: fito da ita yau, ɗiga mata mai, karanta wuyanta, ɗauki hotonta da waya kafin ka goge komai. Je ka wurin wanda ya fi kowa tsufa a gidanku ka tambaye shi hannun wa da wa ta bi. In kana son ka yi aski da ita, yi wa kanka kai kaɗai. In mai sayen tsofaffin kaya ya taya, kada ka sallama sai ka san abin da ke hannunka.